Ƙuri'ar Kaka

Ranar Talata, ana tsuga ruwa a Iskandariya, masu kula da wani dandalin intanet suka aiko wa wani saurayi da saƙo: mai shafin girki ta nuna fuskarta a bidiyo, ko a rufe shafin.

A dandalin nan ƙuri'a ce kuɗi. Wanda aka yaba wa rubutu ana ba shi sulallan intanet, kuma ƙuri'ar mai tarin mabiya ta fi nauyi. Shi ya buɗe shafin a ɓoye da sunan kakarsa, yana sa hotunan tukunyar wakenta, don ya riƙa zaɓen kansa a ɗaya shafin nasa. Sai wake ya yi farin jini, sharhinsa na ƙwallo kuwa ko kallo bai samu ba.

Dole ya kai mata wayar. Ta gyara mayafi, ta yi bidiyon, shafi ya tabbata nata.

"Ashe na shahara ban sani ba! Karanto min abin da nake yaba maka, ja'iri."

Tun bai kai rabi ba ta fara hamma.

"Wannan nake zaɓa kullum? Ni ba na shaidar zur. Ina ake danna 'bai yi ba'?"

"Haba Kaka, jikanki ne fa!"

"Shi ya sa. Kar a ce na yi son kai."

Ta danna, mabiyanta suka bi sahu, ta jefa wayar a aljihu.

Kafin la'asar ya rasa shafi biyu, da waya ɗaya, da mai karatunsa tilo, wanda dama shi ne.