Ƙahon Baba

"Baba, wai me zai hana ka goge bakin waldar nan ne? Ga aiki ya yi kyau, amma ka bar shi kamar ɗinkin buhu."

Ina tsakar gida ina tsince shinkafa na jiyo tambayar nan ta kan katanga, don garejin a jikin gidanmu yake. Wani mai mota ne yake tambayar Baba Tanimu, tsohon da ya koya wa maigidana walda, abokin marigayi babana tun suna samari. Ni ba na leƙa gareji, amma na san abin da suke magana a kai, don maigidana ya taɓa shigo da irinsa ya nuna mini. Bututu ne guda huɗu masu lanƙwasa, suna kwaso hayaƙi daga jikin inji su haɗe wuri guda, su hura shi cikin tarbo, wata 'yar fanka a cikin ƙarfe mai kama da dodon koɗi, wadda ke ƙara wa mota ƙarfi. Ya ce in mota ta ɗauki hanya, wurin ja yake yi kamar garwashi.

 Na ji Baba Tanimu ya jawo benci ya ce, "Zauna, Alhaji, in ba ka wani misali."

Ya ce an yi wani mai walda, Allah ya ba shi hannu, in ya haɗa ƙarfe sai dai ya karye a wani wurin. Yana da amini direba, wanda motarsa ce gonarsa, ita ce rumbunsa. Bututun motar ya tsage, sai mai walda ya ce bar shi, sabo zan ƙera maka. Ya yanka, ya lanƙwasa, ya haɗa, walda ta zauna da kaurinta. A nan aiki ya ƙare. To amma ya san gobe a tasha za a ɗaga bonet, direbobi su taru su leƙa, a ce wa ya yi wannan? Sai tudun waldar ya tsaya masa a rai. Ya ɗauko dutsen guga ya bi mahaɗar ɗaya bayan ɗaya, yana ci yana shafawa da yatsa, har ta yi sumul, ƙuda in ya sauka sai ya zame. Kai ka ce a haka aka haifi ƙarfen. Abin da ya rage a mahaɗar bai fi ɓawon albasa ba, amma ido ba ya ganin kauri. Aka ɗaga bonet a tasha, aka yaba, sunansa ya zaga.

Ana nan, ran nan direba ya cika mota da fasinja, suka kama wani dogon hawa da tsakar rana. Bututu ya yi ja, ƙarfe ya nemi wurin miƙewa, sai ya buɗe daidai inda aka goge. Zafin ya huro kan tiyon mai da ke kusa. Allah ya sa kowa ya fita da ƙafarsa, amma suna tsaye a gefen hanya suna kallo motar ta cinye, sai ƙarfe. Direban bai kai ƙara ba, bai yi zagi ba. Da ƙarfen ya huce ya kwance bututun, ya kawo ya jingine a ƙofar shagon amininsa, ya juya. Daga mai mota ya koma ɗan kamasho, yana kiran fasinja a motar wasu. Shi kuwa mai walda bai ƙara taɓa mota ba har ya koma ga Allah.

Sai Alhaji mai motar ya ce, "To Baba, a bar mini ɗinkin buhuna."

Ni kuwa ban san lokacin da na ajiye faranti ba, har kaji suka zo suna ci ban kore su ba. Don a ɗakin ajiya na gidan iyayena, inda na tashi, akwai wani baƙin ƙarfe mai yatsu huɗu rataye a ƙusa, a tsage ta gefe guda. Muna yara mukan ce masa ƙahon Baba. Ko 'yan gwangwan masu sayen tsohon ƙarfe sun zo babana ba ya sayarwa, Inna kuma ta hana mu taɓawa. Na tashi na ga babana yana liƙin bokiti da murhun gawayi, in an kawo masa mota sai ya nuna shagon Baba Tanimu. In za mu kasuwa ya gwammace mu zaga ta bayan makabarta da mu bi ta gaban tasha, ni kuma ina biye ina ƙunƙuni wai ƙafata ta gaji. Har a raina nakan ce rashin zuciya ne ya sa bai yi arziki kamar abokansa ba. Ya rasu ban taɓa tambayarsa ba.

Da maigidana ya shigo cin abinci ya ga idona, ya ce lafiya? Na ce hayaƙi ne. Na so in faɗa masa, maganar ta zo har bakina, na mayar. Baba Tanimu ya san sunan sarai, amma ya ce "wani mai walda", ya rufa wa abokinsa asiri a kabari. Ni da nake 'yarsa ba ni zan tone ba. Ba zan gaya wa kowa ba, ko Inna ba za ta san na gane ba. Abin da mai ji zai ɗauka dai tsohon ya riga ya faɗa lokacin da yake mayar da benci: garin neman gira, aka rasa ido.