Tsohuwa Mai Tabarau

"Wace ce kuma Tsohuwa Mai Tabarau?" Oga ya juyo wa ma'aikaciyarsa Doguwa fuskar kwamfutarsa.

Manhajar tuna shan magani suke ginawa, wadda kowa ke iya aiko wa gyara. Ƙa'idarsu kuwa, 'ya'yana, a ƙasan saƙon kowane gyara ana rubuta wanda ya gano matsalar da wanda ya gwada, kuma ba a sa sunan mutum sai da izininsa.

"Gyara tara, duk ita ta gano, ita ta gwada? Ƙirƙirar ta kika yi don in karɓa ba bincike. In ƙarya ce, yau kin bar aikin nan."

"Tana nan da ranta, Oga. A layin asibiti muka haɗu."

"Kawo lambarta."

Yana danna lambar a wayarsa yana hararar Doguwa. Kafin ya gama, wayar ta fito masa da suna: Umma. Ya kira, aka ɗauka.

"Babana, yau an tuna da ni?" in ji muryar. "Sau nawa na ce maka abin nan yana tsallake min maganin rana, ka ce kana mitin? Karɓi gyaran yarinya."