Sumuntin da Baba Ya Shafa

Ranar Lahadi ce, iskar teku na jifan garinmu Brighton da ruwa, na ga katangar lambunmu ta yi ciki.

Shekararta ɗari biyu, kamar farin gidan namu, kuma hukuma ta hana a rushe ta. Baba kuwa wurin ajiye mota yake so, sai ya lulluɓe farar ƙasarta da sumunti don damshi ya cinye ta ta ciki.

"Baba, nishi fa take yi."

"Sarkin gudun makaranta ya zama magini! Matsa in ji."

Ya manna mata kunne, ta rufto masa.

Motar tana titi har yau. Mun rasa katanga ɗaya, itacen tuffa ɗaya, da ƙafafun Baba biyu.