Ranar Awon Inuwa

Tun da aka kafa dokar inuwa, jirgi marar matuƙi ke auna gonaki da azahar. Gonar da inuwar itatuwanta ta gaza, ƙwacewa ake yi.

A gonar tsoho Ɗanliti ake koyar da renon itatuwa yau. Malamar gona Tabawa ta miƙa masa adda. "Baba, rage tohon kututturen kalgon nan, ka bar uku."

Hannun da ya shekara arba'in yana sassabe bai jira shi ba. Sara ɗaya ya share duka.

Sai ga ƙugin jirgin.

Tabawa ta haye kututturen, ta baza mayafinta a saman kanta, ta ƙame. Jirgin ya tsaya cak a kanta.

Iska ta kaɗa. Ɗanliti ya yi raɗa: "'Yata, ɗan rausaya. Itace ba ya tsayawa haka."