Lambobin Allon Coci

An tashi sujada a cocinsu na Jos Jarawa. Hosana tana goge lambobin waƙoƙin da ta rubuta a allo, sai ga saurayinta Dachung da zobe a tafin hannunsa.

Ta kalli zoben, ta kalle shi. "Albashi bai fito ba. Ina ka samu?"

Ya ce, "Loto na ci. Ba caca ba ce, Ubangiji ne ya ba ni. Lambobin da kike rubutawa nake bugawa, biyu suka fito."

Hannunta ya tsaya cak.

"Waƙoƙin yabo ka kai shagon caca?" Ta juyo ta fuskance shi. "Wata shida kana layin gaba, Dachung, ina ta sunkuyar da kai. Ashe ba ni kake kallo ba."