Jelar Kuregen Sumirah

Ganyen ya sake zubewa. Tsoho Tukiran ya durƙusa gaban tukunyar yana tsince shi, sirara kamar allura, duk ya yi ruwan ɗorawa. Shukar nan da ake kira jelar kurege ita ce ran matarsa Sumirah. Ranar da za a kai ta asibiti, a bakin mota ta riƙe hannunsa ta ce, "Kai ko shayi ba ka iya dafawa ba. Amma in na dawo na tarar da ita a bushe, ni da kai ne."

Ya ɗebo ruwa a moɗa ya zuba mata.

Ga gidan yau a cike. Akuya ɗaure a gindin mangwaro, mata na naɗe shinkafa a ganyen ayaba, ga tattabaru biyu a keji. Wa ake yi wa irin wannan hidima in ba mai dawowa gida ba? Da wane ido Tukiran zai dubi Sumirah?

Sumirah ta taɓa cewa shukar tana son ranar safe. Ya ciccibi shukar zuwa baranda, ya ga kamar tana jin ƙishi, ya ba ta ruwa. Hadari ya taso, ya mayar da ita ɗaki kusa da taga, ya ba ta ruwa. Da ya tona ƙasar da yatsa sai wari ya bugo shi. Saiwoyin nan masu kama da ƙananan dankali sun ruɓe luguf.

"Wartini!" ya ƙwala wa matar ɗansa kira. "Wani mugu na jiƙa ta a bayan idona! Ko tukunyar ma an taɓa, jiya ai shuɗiya ce."

"Baba, kawo moɗar nan in wanke maka," ta ce a hankali.

Ya hana. Ya cire rigarsa yana tsane ƙasar da ita, hawaye na zuba, yana roƙon shukar kamar mutum.

Maza suka cika tabarmi. Ɗansa Darmaji ya zo ya sauya masa riga, ya ɗora masa baƙar hula. Wartini ta raɗa wa mijinta, "Mai furanni ya ajiye mana wata shukar, irin ta kullum."

"Kar ku soma!" Tukiran ya ce. "Tana shigowa za ta gane ba tata ba ce."

Aka zaunar da shi kusa da liman, tukunyar a cinyarsa, idonsa a ƙofa. Liman ya gyara murya, ya ce kafin a saki tattabarun kowa ya ɗaga hannu, a yi wa Sumirah addu'ar cika kwana dubu a kabarinta.