Bakaniken Gindin Durumi da Babur Marar Kafireta

Zauna in ba ka wani misali, tunda na ga kai ma ka fara jin nauyin tambaya.

A wani garin kasuwa an yi wani bakaniken babur da ya shekara talatin da ɗoriya a gindin durumi ɗaya. Kafireta ce gonarsa, wato 'yar tukunyar nan da ke gauraya fetur da iska kafin su shiga inji. Tun babur yana nesa zai karkata kai ya ce wannan iska ta yi masa yawa, wancan datti ne ya shaƙe shi. Ya kwance, ya wanke a gwangwanin fetur, ya zura siririyar waya a ramin, ya kafa baki ya hura, ya mayar. Bugu ɗaya babur ya tashi. 'Yan acaɓa har cewa suke yi kunnensa ya fi idon likita. Da aka fara shigo da babura masu injekta, waɗanda ba su da kafireta, sai famfo da wani ɗan akwati mai ƙwaƙwalwa da ke auna man da za a fesa wa inji, abokan sana'arsa biyu suka tafi birni koyon gyaransu. Shi kuwa ya yi musu dariya a gaban jama'a, ya ce inji inji ne, wanda ya san uwa ai ya san 'ya.

Akwai wani mai kai burodi ƙauyuka bakwai kowace safiya, wanda tun yana saurayi ba ya kai baburinsa ko'ina sai gindin durumin nan. Shan mai ya ishe shi, sai ya sayar da tsohon baburin, ya haɗa da tumakin matarsa huɗu, ya sayi mai injekta. Wata biyar yana cikin jin daɗi: man da yake ƙarewa a kwana ɗaya yanzu yana kai shi biyu, ko an kwana ana ruwa taɓawa ɗaya yake tashi. Ran wata kasuwa babur ya fara shessheƙa, wata 'yar fitila tana ƙyaftawa a gabansa, can ya mutu. Mai burodin ya turo shi har gindin durumi, gumi ya jiƙa masa riga, benci kuma cike da mutane.

Bakaniken ya durƙusa. Hannunsa ya tafi inda ya saba samun kafireta, ya tarar da tarin wayoyi. Ya sa aka tayar, ya kasa kunne, injin bai gaya masa komai ba. "Ban sani ba" ta zo har bakinsa, sai ya ɗaga kai ya ga waɗanda ke kan benci, mutanen da ya yi dariyar a gabansu. Ya haɗiye ta. Ya ce, "Ƙaramin aiki ne, ɗana. Je ka huta ka dawo."

Abin da ya sani shi ya yi. Ya cire bakin da ke fesa mai, ya zura masa waya kamar yadda ya saba, ya ɓata ramin da ya fi gashi siranta. Da babur ya ƙi tashi ya shiga yanke wayoyi yana haɗawa, yana ce wa ransa saura kaɗan. Kwana na uku ya jona wata waya kai tsaye da batir, sai ga ɗan hayaƙi da ƙauri daga akwatin. Ya daɗe a tsugune yana kallonsa, sifana a hannu.

A bayan motar kaya aka kai baburin birni. Mai gyaran can ya jona na'urarsa, ya girgiza kai. Ya ce asalin ciwon matacin mai ne ya toshe, aikin da bai kai a sha shayi ba. Amma yanzu ƙwaƙwalwar ta ƙone, bakin fesawar ya lalace, kuma sai an aiko da su daga nesa a kan kuɗin da mai burodi bai taɓa riƙe irinsu ba. Gidan burodi suka jira shi mako biyu, suka ba wani ƙauyukan. Ya sayar wa masu kayan gyara baburin, ya mayar da matarsa da 'ya'yansa gidan iyayenta, ya shirya tafiya birni dako.

Ranar tafiyar ya biyo ta gindin durumi da jakarsa. Bai yi zagi ba, bai ɗaga murya ba. Ya gai da bakaniken, sannan ya ce, "Baba, da ka ce mini ba ka sani ba, wallahi da girmanka bai ragu a idona ba." Ya saɓa jakarsa ya juya. Bakaniken ya bi shi da ido har ya sha kwana.

Labari ya zaga gari. Abin da ya fi ci masa rai, har masu kafireta suka daina zuwa, alhali hannunsa bai manta komai ba. Cewa suka yi, mutumin da ba ya iya faɗin bai sani ba, ta yaya za ka gane ranar da ya sani? Haka ya ƙare yana fitowa da safe, ya shimfiɗa buhu, ya jera kayan aiki, la'asar ta yi ya tattara su yadda ya jera.

Shi ya sa Hausawa suka ce girman kai rawanin tsiya.